Yaƙin Hitila: kowa na maganar bindiga, wa ya tuna da masu haƙar kuza?

Jiya da daddare a majalisa wani yaro ya cika mana kunne da sunayen makaman yaƙin duniya na biyu kamar a gidansu aka ƙera su, wannan tankar ta Jamus ce, waccan ta Rasha ce, jirgin Amurka kaza ya fi na Japan gudu. Na ƙyale shi har ya gaji don kansa, sannan na ce masa to ɗan samari, kuzar da aka shafe gwangwanin abincin sojojin da ita, aka liƙe wayoyin rediyon jiragen da ita, daga ina ta fito? Sai ya yi tsuru tsuru. Na ce wani kaso daga Jos ne, kuma ba mamaki kakanka na cikin waɗanda suka haƙo ta.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya kenan wallahi. In ana labarin masu aikin makamai a wancan yaƙin sai ka ji ana ta yabon matan Ingila da suka cika masana'antun harsashi, ko masana'antar Ford ta Willow Run a Amurka da a 1944 take fitar da jirgin jefa bom samfurin B-24 kusan ɗaya duk awa, ko Rasha da ta kwashe masana'antu sama da 1,500 a jirgin ƙasa ta kai su gabas a 1941 don kada Jamus ta cinye su. Duk gaskiya ne, sun yi aiki, ba na musu. Amma namu fa?

A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, wani ɓangare na Malesiya ta yanzu, inda a lokacin nan ne aka fi haƙo kuza a duniya, Turawan Ingila suka rasa tudun dafawa sai suka juyo kan tsaunukan Jos. Ba roƙo suka yi ba, doka suka kafa ta aikin tilas. Takarda ta zo wa sarki, sarki ya tura wa hakimi, hakimi ya tura wa dagaci, dagaci kuma ya duba gidan da ba su da mai tsaya musu ya ce ku kawo mutum ɗaya. Diban gwamna ake ce masa. Daga 1942 zuwa 1944 wajen mutum 100,000 aka ɗiba haka daga ƙasashen Zazzau da Bauchi da Binuwai da sauransu, manoma ne da aka raba da gonakinsu, aka kai su wurin da sanyinsa ba su taɓa jin irinsa ba, ba bargon kirki ba abinci isasshe, mutum ya wuni cikin ruwa da laka da kwano a ka, ga cunkoso a bukkoki, ciwon huhu da gudawa suka yi ta ɗauke su. Sai da maganar ta kai majalisar Ingila ana ta surutu kafin a dakatar da abin a 1944. Waɗannan ba su da lambar yabo, ba su da kaki, ko hoton kirki ba a cika gani ba.

Su ma sojojin namu, 'yan Boma, wato waɗanda aka kai yaƙi ƙasar Boma da yanzu ake kira Myanmar, ba duka ne aka ba bindiga ba. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma da aka kai Boma, akwai dubbai a cikinsu da aikinsu dako ne, soja ne cikakke amma makaminsa adda da gammo, ya ɗauki akwatin harsashi ko wani ɓangare na igwa a ka ya hau dutse ya ratsa kurmin kwarin Kaladan inda mota ba ta shiga, jirgi ya jefo kaya daga sama su kuma su kwasa. Turawa sun zaɓe su ne saboda wannan, suna ganin ai baƙar fata ya saba da kurmi, alhali mutumin Katsina ko Gumel ina ya san wani kurmi in ba a Boma ɗin ba. Kuma Hausa ce harshen bariki a lokacin, har hafsoshin Turawa sai sun koye ta.

Akwai wani tsoho a unguwarmu muna yara, Baba ɗan Boma kawai muke ce masa, gadi yake yi a wani kanti. Lambobinsa na cikin wani tsohon gwangwanin taba a naɗe da tsumma, in ya ga dama ya buɗe mana, in bai ga dama ba ya kore mu da sanda. Abin da ban manta ba shi ne tsakar kansa, wurin ya yi kanta gashi ba ya fita, ya ce tabon kaya ne. Ban taɓa jin ya yi maganar harbi ba, kullum zancensa ruwan sama da ba ya ɗaukewa da matsattsaku da ke shiga cikin takalmi. Allah ya jiƙansa.

Wani zai ce ai an karrama su, ga barikin Dodan da Myohaung a Legas, ga Dalet a Kaduna, ga Chindit a Zariya, duk daga yaƙin Boma aka samo sunayen. To na ji. Amma tsayar da mutum goma a ƙofar barikin ka tambaye su ma'anar sunan ka gani. Kuma wannan na soja ne, su masu kuza ina nasu? Ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da sojoji, ana ajiye furanni ana sakin tattabaru, ban taɓa jin mai jawabi ya ambaci lebura ko ɗaya ba. Abin da ya rage nasu shi ne kududdufan nan da ke kewayen Bukuru da Barikin Ladi, waɗanda yanzu matasa ke zuwa ɗaukar hoto a bakinsu.

Shi dai yaron nan na majalisa ya ce in ya je gida da sallah zai tambayi kakarsa, don yana jin kamar ta taɓa cewa mijinta ya yi zaman Bukuru kafin a yi aurensu.