Ɗalibin Jami'a a Damagaram: Wa Ke Sauraron Tambayoyinsa?

A wani dare cikin hunturun bara, ɗan ƙanwata da ke shekara ta biyu a jami'a ya zo gidana cin tuwo, kamar yadda ya saba tun da ya baro ƙauyensu na wajen Magarya. Da aka kwashe kwanuka sai ya yi shiru, yana ta juya wayarsa a hannu, can ya ce: "Kawu, ina salla a kan lokaci, ina shiga aji, ban taɓa faɗuwa jarrabawa ba, amma wallahi da za a tambaye ni inda na dosa da rayuwata, ba ni da abin faɗa." Yaron nan ya sauke Alƙur'ani kafin ya ci jarrabawar Bak ta kammala sakandare, kuma duk danginmu da shi ake buga misali wajen natsuwa. Tun daga daren nake tunanin dubban irinsa da ke kai da kawowa tsakanin ɗakunan karatu, masallaci da fadar hira ta matasa a garin nan, ɗauke da wannan tambaya a zuci, ba su sami wanda za su faɗa wa ba.

Matashin da ya shigo jami'a yana zuwa ne da gado iri biyu. Na farko shi ne imanin da ya buɗe ido ya tarar a gida, wanda makarantar allo ta ƙarfafa. Na biyu shi ne burin da iyaye suka ɗora masa tun ranar da aka kai shi lakwal, wato ya yi karatu, ya zama ma'aikacin gwamnati, ya ɗauki nauyin gida. A zamanin iyayenmu, lokacin da jami'ar ƙasa guda ce tak a Yamai, wannan buri yakan cika ga mafi yawan waɗanda suka kai can, domin ba su da yawa. Tun da aka mayar da cibiyoyin Maraɗi, Tawa da Damagaram cikakkun jami'o'i a 2010, ƙofa ta buɗe wa ƴaƴan talakawa, abin da ya cancanci godiya, amma guraben aiki ba su ƙaru daidai da yawan masu fitowa ba. Ɗalibin yau yana ganin yayansa mai takardar lisansi, wato digiri na farko, ya gama aikin yi wa ƙasa hidima, ya koma koyarwar kwantaragi, ko kuma yana tuƙa kabu-kabu a bakin Kasuwar Dole. Idan aka haɗa da jinkirin kuɗin tallafin karatu da yajin aikin da kan ja shekara ta shiga cikin wata, ba abin mamaki ba ne burin gado ya fara girgiza tun kafin a yi nisa.

Girgizar imani kuwa ta fi wannan ɓoyuwa, kuma a nan ne manya suka fi yin kuskuren fahimta. Da wuya ka sami ɗalibi a Damagaram da ke musun samuwar Allah. Abin da ke faruwa shi ne, yaron da ya tashi a ƙauye inda kowa ke bin liman ɗaya ya wayi gari a ɗakin kwana tare da ɗan Izala, da Batijjane, da abokin aji Kirista wanda ya fi kowa riƙon amana. A sahu ɗaya wani na sadalu, wani na ƙabalu, kowa kuma da hujjarsa. Ya shiga darasin ilimin ƙasa, aka ce masa duwatsun nan na Birni da yake wucewa kullum sun yi ɗaruruwan miliyoyin shekaru, sai ya rasa inda zai ajiye wannan magana a gefen abin da ya taso yana ji. A ganina wannan ruɗani alama ce ta hankalin da ya fara aiki, kuma ta wannan hanya ce imanin da aka gada ke zama na mutum da kansa, wanda ya san dalilinsa, ya kuma iya tsayawa a kai ko da babu idon mahaifi a kusa.

Sai dai ga wa zai kai tambayar? Malamin jami'a yana da ɗaruruwan takardun da zai duba, kuma zai ce addini ba fanninsa ba ne. Malamin zaure, sau da yawa, da ya ji tambayar sai ya ce waswasi ne, a nemi tsari a bar ta. Mahaifi bai taɓa shiga jami'a ba, kunya kuma ba za ta bar ɗa ya buɗe masa ciki ba. Wayar hannu ce kaɗai ta rage, ita kuwa ba ta barci. A cikinta akwai karatuttuka masu amfani na manyan malamai, ban musa ba, amma abin da ya fi yawo a WhatsApp da TikTok shi ne guntayen wa'azi na minti biyu, da raddin wannan malami a kan wancan, waɗanda ke koya wa yaro wanda zai ƙi tun kafin su koya masa abin da zai yi da rayuwarsa. Mai magana a cikin waya bai san sunansa ba, bai san mahaifiyarsa na jinya ba, ba zai kuma lura da ranar da ya daina zuwa aji ba.

Mutanen garin nan sun san abin da kishin addini ke iya zama idan ya rasa mai yi masa linzami. Ranar 16 ga Janairun 2015, bayan sallar Juma'a, zanga-zangar nuna fushi a kan zanen ɓatancin wata mujallar Faransa ta rikiɗe ta zama tarzoma, aka ƙona majami'u da cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, aka yi asarar rayuka. Ba na ɗora wa ɗalibai alhakin abin da ya faru. Ina tuna shi ne saboda kusan rabin al'ummar Nijar ba su kai shekara 15 ba, kuma waɗanda ke jami'a yau su ne za su zama malamai, alƙalai, likitoci da masu huɗuba na waɗannan yara. Irin imanin da suka fita da shi, mai zurfi ne ko mai zafi kawai, shi za su shuka.

Wasu za su ce jami'a ta gwamnati ce, aikinta ba da ilimi, ba gyaran zukata ba, kuma ɗalibin da bai karya kumallo ba bai da lokacin tunanin manufa, tunda da ruwan ciki ake jan na rijiya. Rabin maganar gaskiya ne, ni ma ba na neman a mayar da ɗakin lacca wurin wa'azi. Amma ɗaliban da suka nufi gadar Kennedy a Yamai ranar 9 ga Fabrairun 1990, inda aka harbe uku daga cikinsu, ba ƙoshi ne ya fito da su ba. Sun yarda cewa akwai abin da ya fi cikinsu girma, kuma jininsu na cikin abin da ya kai ƙasar ga babban taron ƙasa na 1991. Wanda ya shugabanci wannan taro, Farfesa André Salifou, wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa, haifaffen garin nan ne da ya fara yin suna da binciken tarihin masarautar Damagaram. Abin da ya sa gaba a bakin ƙofar gidansu ya same shi.

Wannan ne ya sa nake ganin manufa ba ta zuwa ta hanyar zama a yi ta tunani. Tana zuwa ne ranar da aka ɗora wa matashi nauyin wani, ya ga da idonsa cewa karatunsa ya amfani mutum mai rai. Ƴar maƙwabcina tana karatun likita, kuma ta daɗe tana cewa don mahaifinta kawai take yi. A daminar da ta wuce aka tura ta koyon aiki a wani ɗakin yara, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya cika gadaje har da tabarmi a ƙasa. Wata uwa daga ƙauye aka sallame ta da magani da bayani cikin Faransanci, ta tsaya a bakin ƙofa tana jujjuya kwalin, ba ta san me za ta yi ba. Yarinyar ta zaunar da ita, ta yi mata bayani da Hausa, ta zana mata rana da wata a jikin kwalin don ta gane na safe da na dare. Da ta dawo gida ta ce mini: "Baba, tun ina ƙarama na haddace hadisin niyya, amma yau na fara jin sa a jikina." Daga ranar, karatunta da sallarta suka daina zama abubuwa biyu da ba su san juna ba.

Irin wannan nauyi kuwa bai yi ƙaranci a Damagaram ba. Garin yana zaune a kan dutse, shi ya sa ake jawo masa ruwa daga rijiyoyin burtsatse masu nisa, kuma duk bazara mata da yara na kwana a layin famfo. A unguwar Kara-Kara akwai matasan da ba su iya rubuta sunansu ba, tazararsu da jami'a kuma ba ta kai tafiyar awa guda ba. Ƙungiyoyin ɗalibai, musamman ta ɗalibai Musulmi da ke ƙoƙari wajen shirya tafsiri da darussa, za su iya ware yammacin Asabar don koyar da waɗannan matasa, su kuma gayyaci abokansu Kiristoci a yi tare. Malaman da suka haɗa karatun zaure da na boko, waɗanda ba su yi kaɗan ba a garin nan, ya kamata su riƙa zama da ɗalibai a ƙananan majalisu inda tambaya ba ta jawo zargi. Mu iyayen da ɗalibai ke cin tuwo a gidajenmu, namu aikin shi ne mu koyi haƙurin saurare.

Ɗan ƙanwata dai na kai shi wurin wani dattijon malami a cikin Birni, wanda ya shekara fiye da talatin yana karantar da Risala a zaurensa. Yaron ya kawo maganar shekarun duwatsu murya na rawa. Malam ya saurare shi har ya gama, ya ce masa Alƙur'ani da kansa ya umarci mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su duba yadda aka fara halitta, sannan ya tambaye shi ko ilimin nan nasu na iya nuna inda ruwa yake a ƙarƙashin dutse. Da yaron ya ce yana iyawa, sai Malam ya ce ya dawo ranar Laraba bayan la'asar, ya zo da littafinsa na aji.