Montana da tsuntsayen gidan yari: wai wannan ma farauta ce

Tun daga kakar 2022, motocin hukumar kula da namun daji ta jihar Montana a Amurka sukan ɗauko akwatunan tsuntsaye daga gidan yarin jihar da ke Deer Lodge, su kai su filayen gwamnati, a buɗe a zazzage su. Fursunoni ne suka raine su, suka ba su abinci da ruwa har suka girma. Kafin tsuntsayen su gane gabas da yamma, masu bindiga sun iso. Majalisar jihar ce ta ware dala miliyan 1 a 2021 domin wannan aiki, da burin sakin har tsuntsu 50,000 a shekara, Gwamna Greg Gianforte kuma ya sa hannu. Dalilin da aka bayar shi ne wai a jawo hankalin yara su so farauta.

Tsuntsun dai shi ne wanda Turawa ke kira fezan, mai doguwar wutsiya da farin zobe a wuya, dangin su fakara. Asalinsa na Asiya ne. A farkon shekarun 1880 ƙaramin jakadan Amurka a Shanghai, Owen Denny, ya aika da shi jihar Oregon, ya samu gonakin hatsi da ciyawa, ya hayayyafa, ya bazu, har jihar South Dakota ta ɗauke shi a matsayin tsuntsun jiha. Montana tana da nata na daji, waɗanda ake ƙyanƙyashewa a cikin ciyawa, masu wayon da kan wahalar da kare da ubangidansa yini guda. Nan ne abin ya ba ni haushi. Jihar da Allah ya hore wa tsuntsun daji ta je ta kwaso al'adar jihohin da nasu ya ƙare, alhali ita kanta ta taɓa yin gonakin kiwon nan, ta rufe su a farkon shekarun 1980 saboda ba su ƙara komai a daji ba.

Wanda yake son ganin inda wannan hanya take kaiwa ya dubi jihar Pennsylvania. A 1971 mafarautan jihar sun harbi fezan sama da miliyan 1, akasarinsu na daji. Daga nan noma ya sauya. Aka tumɓuke ciyayin da ke kan iyakokin gonaki, aka koma yankan ciyawar dabbobi da wuri, daidai lokacin da macen take kwance a kan ƙwai, maganin feshi ya kashe ƙwarin da 'yan tsaki ke ci, gidaje da manyan kantuna suka cinye sauran filin. Tsuntsun daji ya kusan ɓacewa. Abin da hukumar farautar jihar ta riƙe shi ne kiwo: tsuntsu 200,000 ko fiye duk shekara, a raina a keji mai rufin raga, a saka a filayen farauta na gwamnati daga Oktoba zuwa lokacin sanyi. Kafin a rufe biyu daga cikin gonakin kiwo huɗu na jihar, a kuma ƙirƙiro takardar izini ta musamman ta kusan dala 27 a 2017, shirin yana laƙume fiye da dala miliyan 4 a shekara. Binciken da hukumar ta yi da kanta a 2015 ya nuna kusan rabin tsuntsayen ne kawai ke shiga jakar mafarauci. Ke nan tsuntsun da aka kashe wa wajen dala 20 ya tashi a wajen dala 40 kafin ya isa tukunya. Sauran rabin rabon shaho ne da mujiya da yanyawa da tayar mota, domin tsuntsun da ya saba ganin mutum ya kawo masa hatsi bai san abin gudu ba. Shekaru fiye da 50 ana zuba su, kuma ba su mayar da na daji ba.

Akwai wata doka a littafin farautar Pennsylvania da ta fi duk wani sharhi da zan rubuta tona asirin abin. Dokar ta haramta harba bindiga a cikin tazarar yadi 150, wato kusan mita 137, daga motar hukuma idan ma'aikatanta suna cikin sakin tsuntsaye. Ba a kafa doka a kan abin da ba ya faruwa. Sai da aka samu mutanen da ke bin motar a baya, suna jira a buɗe akwati su ɗana kunama, har ma'aikatan gwamnati suka ji tsoron rayukansu, sannan aka rubuta ta. Tazarar nan kuwa ita ce dai wadda dokar jihar ta tanada tsakanin mai bindiga da gidan da mutane ke ciki.

Hatsarin gwamnati ce take ƙera shi da hannunta. Tsuntsun daji a warwatse yake, don haka masu nemansa ma warwatsuwa suke yi. Na keji kuwa a wuri ɗaya ake juye shi, galibi inda mota za ta iya shiga, wato kusa da hanya da wurin ajiye motoci. Hukumar kuma tana wallafa wuraren da kwanakin a intanet, har da taswira. Da asuba sai ka tarar da mutane jere a bakin fili ɗaya, kowa da karensa da bindigar da ke watsa ɗaruruwan ƙwayoyin dalma a harbi guda, ba wanda ya san wani, ba wanda ya san inda wani zai nufa. A farautar abokai akan yi layi, kowa ya san kusurwar da aka yarje masa ya yi harbi. A nan ayari uku ko huɗu ne ke ratsa juna a cikin ciyawar da ta kai ƙirji. Ga shi tsuntsun keji bai ƙware a tashi ba. Sau da yawa yakan tashi ƙasa-ƙasa, daidai tsayin kan mutum, ko ya tsaya yana kallo, ko ya ruga a ƙasa a gaban hancin kare. Mai bindiga ya bi shi da baki, idonsa na kan fiffike, bai ga abin da ke bayansa ba.

Irin wannan juyawar ce ta sa Dick Cheney, yana mataimakin shugaban ƙasa, ya watsa wa lauya Harry Whittington mai shekara 78 ƙwayoyin harsashi a fuska da wuya da ƙirji a Fabrairun 2006, suna farautar salwa a Texas. Wannan fa a gonar mutum ɗaya ce, mutane 'yan ƙalilan da suka san juna, ga jami'an tsaro a gefe. To ina ga filin da kowa ke da izinin shiga, aka kuma yi shelar cewa jiya aka zuba tsuntsaye?

Masu kare shirin za su ce hatsarin farauta ya ragu ƙwarai a Amurka tun da aka wajabta horo da sanya riga mai ruwan goro. Gaskiya ne, ya ragu. Amma rigar ruwan goro tana taimakon wanda ya tsaya ya duba ne, shirin kuwa gaba ɗayansa an gina shi a kan rige-rige, wanda ya riga harbi shi ke da tsuntsu. Sannan filin ba na mafarauta kaɗai ba ne. Akwai masu yawon motsa jiki, da masu kallon tsuntsaye, da iyalan da suka fito da yara shan iska. A Pennsylvania ranar Lahadi ce a da waɗannan mutane suke samun kwanciyar hankali, a 2025 kuma jihar ta soke tsohuwar dokar da ta hana farauta a ranar. Ba a ma zancen dalmar da ke taruwa a ƙasa. Tun 1991 Amurka ta haramta harsashin dalma a farautar agwagin ruwa, amma a jihohi da yawa har yanzu ana harbin fezan da shi, a filaye ƙwaya nawa da ake maimaitawa duk shekara.

Mu ajiye hatsari, mu koma kan sunan da ake ba abin. Amurkawa da kansu suke alfahari da ƙa'idar cewa dole a bar wa dabba damar tsira, ƙa'idar da ƙungiyar mafarauta ta Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya kafa a 1887, ta yi suna wajen yaɗawa. Wace dama ke ga tsuntsun da ya yi rayuwarsa a cunkushe, har a gonakin kiwo da dama sai an maƙala masa ɗan roba a kan baki ya tare masa gani don kada ya tsattsage 'yan uwansa? An cire robar, an cusa shi a akwati, an yi sa'o'i ana jijjiga shi a mota, an jefar da shi a wurin da bai taɓa gani ba. Je ka gaya wa Sarkin Baka na kowane gari a ƙasar Hausa cewa ƙaramar hukuma za ta sayo kajin gidan gona ta sake su a filin ƙwallo ranar Juma'a, mafarauta su fito ranar Asabar da karnuka da kirari. Dariya zai yi har ya riƙe ciki, kuma ba zai bari a buga masa ganga a kan wannan ba.

Mai karatu Musulmi zai tuna da labarin Abdullahi ɗan Umar, Allah ya ƙara masa yarda, da ya wuce wasu samari sun kafa tsuntsu suna gwada harbi a kansa, da suka hango shi suka watse, ya sanar da su cewa Manzon Allah (SAW) ya la'anci wanda ya mayar da abu mai rai abin gwajin saiti. Fezan ɗin Montana ba a ɗaure yake ba, kuma ana cin namansa, hukuncinsa na malamai ne. Amma duk wanda ya kashe dala 40 don samun naman da bai kai na kaza ɗaya ba, ya san ba yunwa ce ta fito da shi ba. An raini tsuntsun ne don a sami abin da zai tashi a gaban bindiga.

Hujjar yara ita ta fi ɓata mini rai, don ita ce garkuwar da 'yan siyasa ke ɓuya a bayanta. Gaskiya ne masu farauta suna raguwa a Amurka, kuma kuɗin lasisi da harajin kashi 11 cikin 100 na bindigogin farauta da harsasai, wanda dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta keɓe domin kula da namun daji, su ke riƙe da hukumomin namun daji. Hukuma na neman sababbin masu sayen lasisi, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Sai dai me yaron ya koya? Ya koyi cewa tsuntsu daga mota yake fitowa, cewa ana duba waya a san ranar da za a kawo shi, cewa wanda ya dawo hannu rabbana hukuma ce ta cuce shi. Bai koyi bin sawu ba, bai koyi haƙuri ba, bai san wace ciyawa macen ke sheƙa a ciki ba, balle ya damu ran da aka zo nome ta. Ran da ya girma ya zama mai jefa ƙuri'a, abin da zai nema a wurin ɗan majalisarsa shi ne ƙarin akwatuna. Haka aka yi a New York. A Disamban 2008 Gwamna David Paterson ya ce zai rufe gonar kiwo ta Reynolds da ke kusa da Ithaca don tsimin kuɗi, aka yi masa caa, cikin 'yan makonni ya janye. Shirin da bai haifar da tsuntsu ko ɗaya a daji ba ya haifar da masu kare shi.

Wannan gonar ta Reynolds ce murar tsuntsaye ta afka wa a Maris 2023, aka hallaka dubban tsuntsayen da aka ajiye don iri. Jihar ta juya ta sayo wasu daga 'yan kasuwa, aka ci gaba da saki a kakar shekarar kamar ba abin da ya faru. A lokacin da cutar ke kashe kaji da tsuntsayen daji a faɗin nahiyar, tara dubban tsuntsaye a ƙarƙashin raga, inda na daji ke shawagi a samansu, sannan a kwashe su a watsa a dazuzzuka, ganganci ne. Montana ta fara nata shirin ne a tsakiyar wannan annoba, kuma tana da tsuntsun daji da za ta yi asara.

Masu fafutukar kare dabbobi da ke son a haramta farauta baki ɗaya ba su da abin cewa a nan, don da za a bi tasu da kuɗin da ke sayen dazuzzukan ma ya ƙafe. Masu cewa talakan da ba shi da gona ko kuɗin kulob ɗin attajirai shi ma yana da haƙƙin harbin fezan sun fi su hujja, amma haƙƙin talaka fili ne mai tsuntsu a cikinsa, kuma filin ne aka bari ya lalace aka toshe masa baki da akwati.

Abin da ke kawo fezan sananne ne, ciyawa ce. Da gwamnatin tarayya ta fara biyan manoma su bar wasu gonaki su huta a ƙarƙashin ciyawa bayan dokar noma ta 1985, tsuntsun ya yawaita a jihohin Dakota da Iowa da gabashin Montana ba tare da keji ba, da aka koma nome filayen kuma ya ragu. Ƙungiyar Pheasants Forever, wadda mafarauta suka kafa a Minnesota a 1982, ta daɗe tana faɗin cewa sakin na kiwo ba ya gina na daji. A zuba dala miliyan ɗin can a ciyawa da yarjejeniya da manoma. Jihohin gabas da suka riga suka kamu, in ba za su iya dainawa ba, to su taƙaita yawan masu shiga fili a rana, su rufe shi na 'yan kwanaki bayan an saki, su hana dalma, masu harbin su biya kuɗin tsuntsunsu cif-cif. Wanda kuma yake son harbin tsuntsun keji tsakani da Allah, akwai gonaki masu zaman kansu da wannan ce sana'arsu, da shinge da mai sa ido da farashi a rubuce a ƙofa. Ya je can ya biya daga aljihunsa, a bar fursunonin Deer Lodge su koyi sana'ar da za ta ciyar da su idan sun fito.