Nas ɗin unguwa ba abin rainawa ba ce

Jama'ar Aboabo, Asawase da Sabon Zongo a Kumasi, akwai wata ɗabi'a tamu da take ci mini tuwo a ƙwarya. In mutum bai yi sammako zuwa Gee, wato babban asibitin koyarwa na Komfo Anokye, ya wuni a layi ba, gani yake kamar ba a duba shi ba. Ka ce masa ga ƙaramin asibiti nan kusa da gida, sai ya taɓe baki, wai ai nas ce a wurin, ba likita ba.

To, a nan jiharmu ta Ashanti aka gwada wannan maganar. Marigayi Farfesa Jacob Plange-Rhule na jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST) da abokan aikinsa sun ɗauki ƙananan asibitoci 32, suka bi masu hawan jini sama da 700 tsawon shekara guda. Kowa an biya masa inshorar lafiya. Amma a rabin asibitocin sai aka ƙara da horar da nas-nas: su auna jini, su fara ba da magani bisa ƙa'ida, su zauna da mutum su yi masa maganar gishiri da ƙiba da motsa jiki. Da sakamakon ya fito a 2018, waɗanda nas ta riƙe jininsu ya sauka da kusan maki 20 a ma'aunin jini, na ɗaya ɓangaren da kusan 17. Wani zai ce bambancin kaɗan ne. E, kaɗan ne a takarda. Sai dai a hawan jini, 'yar tazarar nan tana cikin abin da ke rage shanyewar ɓarin jiki, kuma duk wanda ya taɓa jinyar tsohuwar da ta shanye ya san me ake nufi.

Me nas take da shi? Lokaci da sanayya. Ta san Hajiya ba ta rabuwa da dunƙulen magi a miya, ta san Alhaji yana ajiye ƙwayoyinsa da zarar kai ya daina sara. Babban likitan da ke ganin ɗaruruwa ba zai kai ga sanin wannan ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Inda na fi jin haushinmu kuwa shi ne batun zazzaɓi. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini kafin a ba da maganin maleriya. A shekarar ce aka wallafa binciken Dakta Evelyn Ansah a yankin Dodowa, ya nuna ko da an kawo ɗan gwajin nan na tsinken yatsa, kimanin rabin waɗanda ba su da maleriya an sallame su da maganinta. Ma'aikatan suna da nasu kason laifin, ba shakka. Amma mu fa? Gwaji ya ce babu, mu ce na'urar ce ta yi ƙarya. Sai mun ga allura ko ƙarin ruwa hankali yake kwanciya. In nas ta dage, daga nan kemis muka nufa, mu sayi abin da ta hana. Yaron kuwa wataƙila ciwon huhu ne ke cinsa ko kunne, an ɓata kwana uku ana kashe maleriyar da babu ita.

Kar ma a kai ga "maleriya da taifot" da kowa ke karɓowa kamar tagwaye. Gwajin Widal da ake dogara da shi masana sun daɗe suna cewa ba ya tabbatar da taifot shi kaɗai.

Ban ce ƙaramin asibiti ya wadatu ba. Nas da babu ma'aunin jini mai aiki, ko magani ya yanke mata, ba ta da abin yi sai rubuta takarda. Kuma ku lura, a binciken can har waɗanda inshora kawai suka samu jininsu ya sauka sosai, don sun iya karɓar magani ba yankewa. Saboda haka duk wanda katin inshorar lafiyar iyayensa ya mutu, ya danna *929# a waya ya sabunta musu. Limamai da sarakunan zango kuma, in ɗan majalisa ya zo gaisuwa, a tambaye shi ma'aunin jini nawa ne ke aiki a asibitin unguwa, kafin a shiga maganar buhunan shinkafar azumi.