Haƙori yana faɗin shekaru, amma bai san ranar haihuwa ba

Jama'a, akwai maganar da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya, yau dai sai na amayar da ita. Magana ce a kan yadda ake buɗe bakin yaro marar takardar haihuwa, kamar mai neman mafaka a ƙasar waje, a ɗauki hoton haƙoransa, sannan a yanke masa hukuncin cewa shi babba ne.

Ban raina wannan ilimi ba ko kaɗan, ina ma girmama shi. Allah ya shirya fitowar haƙori a kan tsari mai ban mamaki. Haƙoran yarinta guda 20 ne, sukan fara leƙowa wajen wata 6, su kammala kafin yaro ya wuce shekara 3. Wajen shekara 6 a fara famfara, turmi na farko na dindindin ya fito. Na biyu ya biyo baya wajen shekara 12. Kuma ba abin da ido ke gani a saman dasashi ne kaɗai ba. Hoton eksire na muƙamuƙi yana nuna haƙorin da bai fito ba tukuna, yana nuna inda kansa ya kai da inda saiwarsa ta tsaya. Abin da ya ƙara masa daraja shi ne yunwa da ciwo ba sa dagula lissafinsa kamar yadda suke dagula tsayi da ƙashi. Yaro zai iya tsumburewa saboda rashin abinci, amma haƙoransa na nan kusa da lokacinsu.

Tun 1837 wani likitan haƙori a Ingila, Edwin Saunders, ya kafa hujja da wannan. A lokacin dokar masana'antu ta 1833 ta hana sa yaran da ba su kai shekara 9 ba aiki a masaƙu, amma talauci da haɗama suka sa ake ƙara wa yara shekaru da baki. Sai ya nuna cewa haƙori ya fi tsayin jiki gaskiya wajen gane shekarun yaro. Ku lura da kyau, an fara wannan aiki ne domin a ciro yaro daga wahala.

Daga baya abin ya zama fanni sosai. A 1973 wani masani mai suna Demirjian da abokan aikinsa suka fitar da ma'auni daga hotunan yaran Montreal a Kanada: a duba haƙora 7 na ɓangaren hagu a muƙamuƙin ƙasa, kowanne a ba shi mataki daga A zuwa H, a haɗa maki a fitar da shekaru. Ga manya kuwa, tun 1950 Gustafson na Suwidin ya lissafa canje-canje 6 da tsufa ke kawo wa haƙori, irin su cinyewar samansa, ja da bayan dasashi, tsukewar kogon da jijiya ke ciki, da yadda ƙarshen saiwa ke yin garau har haske ya ratsa shi. A wajen gawar da ba a san mai ita ba, wannan rahama ce babba. Farin ɓawon haƙori shi ne abu mafi tauri a jikin mutum, yakan jure wuta da ruwa da daɗewa a ƙasa. Idan likita ya ce wannan gawa ta mai shekara 35 zuwa 45 ce, ya rage wa masu bincike aiki, ya kusantar da wata uwa ga sanin inda ɗanta ya ƙare. Ko ya kuskure da shekara 5, ba a zalunci kowa ba.

Inda nake da ja shi ne a kan rayayye, kuma a kan shekara 18.

Dalili kuwa, da zarar yaro ya kai wajen 14 zuwa 16, kusan duk haƙoransa sun gama girma. Saura guda ɗaya tak da za a tambaya, turmi na uku na can ƙurya, wanda ake ce wa haƙorin hankali. To shi kuma wannan haƙori shi ne mafi rashin tabbas a cikin baki gaba ɗaya. Wani nasa ya fito yana 17, wani sai ya haura 23, wani nasa ya kwanta a karkace cikin ƙashi. Kusan mutum 1 cikin 5 ma an halicce shi babu aƙalla guda daga cikinsu. Wannan shi ne shaidan da ake kira ya raba gardama tsakanin yaro da babba.

Binciken da Mincer da abokansa suka wallafa a Amurka a 1993 ya nuna cewa idan saiwar wannan haƙori ta rufe gaba ɗaya, yiwuwar mutum ya kai 18 ta kai kusan 90 cikin 100. A takarda adadin yana da kyau. Amma ku tsaya ku dubi ragowar goman nan. Su wane ne? Yara ne masu rai, waɗanda haƙoransu suka riga sa'o'insu nuna, ba da laifinsu ba. Ga mai neman mafaka, wannan na nufin a fitar da shi daga gidan kula da yara, a raba shi da makaranta, a haɗa shi ɗaki da ƙarti, wataƙila a mayar da shi inda ya gudo. Ga wanda ake tuhuma da laifi kuwa, bambanci ne tsakanin kotun yara da kurkukun manya.

Sannan da wa aka auna shi? Ma'aunin Demirjian da kansa, da aka gwada shi a wasu ƙasashe, an ga yakan ƙara wa yara shekaru, har sai da Willems ya yi masa gyara a Beljiyam a 2001. Akwai kuma bincike da dama da suka nuna cewa haƙorin hankali yakan riga nuna a baƙaƙen Afirka idan aka kwatanta da Turawa. Ke nan yaron da ya fi kowa rashin takarda, shi ne kuma ma'aunin ya fi saurin tsofar da shi. Wannan abu yana sosa min rai ƙwarai.

Ba hasashe nake yi ba, an ga irin ɓarnar. A 2012 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ostireliya ta fitar da rahoto a kan samarin Indonesiya da aka kama a jiragen ruwan safarar mutane. An dogara da hoton ƙashin wuyan hannunsu aka ce manya ne, aka tsare da yawansu tare da manya, alhali yara ne. Can ƙashi ne ba haƙori ba, amma cutar ɗaya ce: an ɗauki ƙiyasi an mayar da shi hukunci. A 2016 Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Birtaniya ta fito fili ta ƙi amincewa da a riƙa ɗaukar hoton haƙoran yara masu neman mafaka, ta ce hanyar ba ta da tabbas, kuma bai dace a haska wa mutum eksire ba tare da wata buƙatar magani ba. Suwidin ta fara nata tsarin a 2017, tana haɗa hoton haƙorin hankali da hoton maganaɗisu (MRI) na gwiwa, shi ma ya sha suka daga masana na cikin gida.

Na san me wasunku za su ce, kuma kuna da gaskiya: akwai manya masu rage shekaru. Akwai su, kuma sa ƙato mai shekara 25 a ɗakin kwanan yara haɗari ne ga yaran. Ban ce hukuma ta naɗe hannu ba. A Jamus, ƙungiyar masanan da ke wannan aiki tun 2000 ta ce kada a tsaya kan haƙori shi kaɗai, a haɗa da duba lafiyar jiki da hoton hannu, in ta kama har da ƙashin karankarma na sama da ke haɗe kafaɗa da ƙirji. Mafi muhimmanci, a faɗi mafi ƙarancin shekarun da mutum zai iya kasancewa. Wannan ya fi kusa da adalci. Idan mafi ƙarancin ya haura 18, shi ke nan. Idan bai haura ba, a bar shi a matsayin yaro. Gara babba ɗaya ya ci arziƙin yara da a jefa yaro ɗaya cikin manya, domin na farko ana iya gyara shi gobe, na biyu kuwa tabonsa har kabari.

Kada kuma mu manta tushen matsalar. A 2019 UNICEF ta ce yara miliyan 166 'yan ƙasa da shekara 5 ba a yi musu rajistar haihuwa ba, kusan 1 cikin 4 a duniya. Ba su suka zaɓi hakan ba. Wata rana wasunsu za su tsaya gaban jami'in da zai ce su buɗe baki.

Idan akwai likitan haƙori ko lauya a cikin masu karanta wannan, don Allah ina so in ji daga gare ku. In aka miƙo muku hoton muƙamuƙin saurayi, saiwar haƙorin hankalinsa ta rufe, shi kuma ya rantse shekararsa 17, me za ku rubuta a rahoton da za ku sa wa hannu?