Giga 16 ɗin da na bayar da baki

Rahoton ƙarshen wata ne ya koma cin awa uku a rumbunmu na PostgreSQL, manhajar da ke ajiye mana bayanai, Oga ya ce in san yadda zan yi. Na leƙa, injin RAM ɗinsa giga 64, amma shared_buffers, wato kason RAM da rumbun ke riƙe bayanai a ciki don saurin aiki, na nan a 128MB ɗin da ya zo da shi. Ƙa'idar kowa ya santa, a fara da kwatan RAM ɗin injin. Giga 16 ke nan, mega 16384. Na rubuta 16384 zalla, na jira tsakar dare na kashe rumbun na kunna, don saitin nan ba ya jin magana sai da haka.

Rahoto ya yi sauri. Sati biyu ina tafiya ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Ranar taro na haska kwamfutata a bango, ina bayani har da nuni da biro. Sai yarinyar nan sabuwa ta ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, ko za ka buga SHOW shared_buffers mu gani?" Na ce don Allah kowa ya kalla da kyau, a ƙaru. Na buga. 128MB. Na sake bugawa. 128MB. Na cire tabarau na goge, kamar laifinsa ne. Cikin ladabi, abin da ya fi ƙona min rai ke nan, ta ce idan ba a sa MB ko GB a bayan lambar ba, gutsattsarin 8kB yake ƙirgawa. Oga da kansa ya ɗauko waya ya buga 16384 sau 8, ya karanto mana a fili. 131072kB, 128MB ke nan cif! Wato na hana idona barci don in canza 128 zuwa 128.

Duk wanda ya yi dariya na yafe masa, ban da mutuminku na bakin taga. Shi fa bara ya kai work_mem, wato RAM ɗin da ake ba aikin jera bayanai, giga ɗaya, bai san kowane jeri a cikin kowace tambaya da aka aika wa rumbun nasa kason yake ɗiba ba, RAM ta ƙare, Linux ya zaro wuƙa ya yanka rumbun ana tsaka da aiki. Ni dai ban kashe kowa ba. Amma shi ne har da buga tebur da share hawaye.

Saurin kuwa, ashe yarinyar nan ce ta ƙara indes a satin, wato manunin da ke saurin kai rumbu ga bayanan da ake nema, ba ta faɗa wa kowa ba. Na dai sa 16GB yanzu. Shi kuwa na bakin taga, cajata ma har yau tana wurinsa.