Ranar da aka baje kolina a Tudun Wada

Ƙanwata ce ta matsa mini lamba, wai ranar 3 ga Disamba, ranar masu buƙata ta musamman ta duniya, za a baje kolin zane-zanen da ɗanta da abokan karatunsa suka yi, kuma yaron ya rantse idan Kawu bai zo ba shi ma ba inda za shi. Shekararsa 17, yana da jinkirin fahimta tun yana ƙarami, ko canjin naira ɗari biyar sai an taya shi ƙirgawa. Malamarsu ta yi watanni tana zagayawa da su cikin Tudun Wadar Kaduna har Kasuwar Barci, ta ce kowa ya zana abin da idonsa ya gane masa.

Na sha shadda, na kafa hula, na feshe jiki da turare. Uwargida ta ce ƙafata ƙafarta. Cikin Keke Napep nake ta yi mata huɗuba: "Idan mun shiga, ko me kika gani ki ce ya yi kyau. Lada muka je nema." Har ɗan jawabi na tanada ko za a miƙo mini lasifika, kan dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, wadda ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su yi hanyar keken guragu. Zauren da aka yi taron ma, cak aka ɗauki wani yaro da kekensa aka haye da shi matattakala.

Da shigarmu jawabin ya gudu daga kaina. Wata yarinya ta zana Kasuwar Barci, ga dilar gwanjo an farke, ga teloli a jere, har hayaƙin janareta bai tsere mata ba. Wani yaro shi Keke Napep kawai yake zanawa, amma kowanne da lambarsa daidai, direbobi sun cika wurin kowa na neman nasa. Wani ya zana tsohuwar gadar Lugard ta Gamji, wadda aka ciro daga Zungeru a 1954, ya ajiye mata kada a ƙasa yana hamma. Akwai kuma hoton kwalbatin layinmu da ya rufta tun damina. Na lura wani ɗan siyasar unguwa da ya iso gabansa sai wayarsa ta yi ƙara, alhali babu wanda ya ji ta.

Ina cikin dariyar wannan sai yaron ya kamo hannuna. "Kawu, zo ka ga naka."

Teburin mai shayi ne, da gwangwanayen madara a jere da tulin burodi. A kan benci wani bawan Allah ya miƙe, hula a fuska, takalmi ɗaya ya faɗi ƙasa, tumbi ya taso kamar an kife ƙwarya. Rana tana tsaka. A ƙarƙashin kan mutumin kuwa, an yi matashi da wani fayil mai ruwan ƙasa, wanda aka ɗaure da jan ƙyalle. A ƙasan kwalin malama ta rubuta masa sunan da ya zaɓa: "Kawu yana aiki."

To, wannan fayil ɗin shi nake saɓawa a hammata kullum da safe, in ce wa uwargida na tafi bin kuɗin kwangila.

Ta matso, ta gyara mayafi, ta daɗe tana kallo. "Ya yi kyau," ta ce. "Har ƙyallen da na yago daga tsohon zanena ya fito."

Na ce ai su masu zane haka suke, ƙirƙira suke yi. Yaron ya girgiza kai. "A'a Kawu, kai ne. Kullum ne." Malamar, maimakon ta rufa mini asiri, sai ta shiga yabonsa: wai ba ya taɓa zana abin da bai gani ba, ta roƙe shi ya ƙara bishiya a gefe don hoton ya yi armashi, ya ce babu bishiya a wurin. Daga nan uwargida ta koma zagaye na biyu, a hankali, tana duba bayan kowane hoto. Ga ni can nesa a zanen mai Keke Napep. Ga ƙafata ta leƙo a na kwalbati. Yaran da muke wucewa muna ce musu "Allah sarki", ashe kowannensu ya riƙe mini rajista.

Na ja malama gefe na ce nawa ne, zan saya yanzu, a naɗe mini. Ta ce kuɗin na mai zane ne, shi ke yanke farashi. Yaron ya ce an riga an saya. Wa ya saya? Sai ga mai shayi ya ɓullo daga bayan mutane yana washe baki. "Ranka ya daɗe, zan bar maka shi, amma sai mun rufe littafin nan tukuna."

"Wane littafi?" in ji uwargida.

Yanzu hoton yana rataye daidai saman bencin, har da leda aka rufe shi saboda ƙura, masu shan shayi suna zuwa suna gwada tsawon tumbin da ido. Dole na kwashe fayil ɗina na koma wani teburi a Unguwar Sanusi inda ba a san ni ba. Makon jiya ina cikin hutawa na ji hayaniya, na ɗaga hula, sai ga malama da ayarin yara, kowa da kwali da fensir. Ɗan ƙanwata ne a gaba.

"Kawu, kar ka motsa," ya ce.