Sharhi kan labarin Helen Macfarlane

Madalla da wannan labari. Mutane da yawa sun san Karl Marx, amma kaɗan ne suka ji sunan Helen Macfarlane, 'yar Barrhead a Sikotland, wadda ta fara fassara Bayanin Kwaminisanci (Communist Manifesto), ɗan littafin da Marx da Friedrich Engels suka rubuta, daga Jamusanci zuwa Turanci a 1850, aka buga shi a jaridar Red Republican.

Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne, ta ɓoye a bayan sunan namiji, Howard Morton, wajen fitar da rubuce-rubucenta da dama. Mahaifinta mai masana'antar rini da buga zanen atamfa ne, ita kuma ta tsaya wa ma'aikata. Daga baya ta tafi Afirka ta Kudu, ta rasa miji da jaririyarta, ta dawo Ingila ta rasu a 1860 tana da shekara 41. Ku ƙara kawo mana irin waɗannan mata.